Kada Ka Jefar da Buhun: Jagora Ga Mai Kyanwa Kan Gurɓataccen Abinci

Cikin damina ne, a watan Agusta, na ratse wani shago don sayo wa kyanwarmu abinci. Na tarar mai shagon ya farke babban buhu yana auna wa mutane a leda, wani kilo ɗaya, wani rabi, kowa gwargwadon aljihunsa. Da na ga ya fi rufaffen ƙunshi sauƙi, sai na ce a zuba mini kilo biyu. Gimbiya, sunan da 'yata ta raɗa mata ke nan, ta ci a ranar farko. Rana ta biyu ta sunsuna kwanon, ta karkaɗe ƙafa, ta shige ƙarƙashin kujera. Na ɗauka tsirfa ce irin ta kyanwa, sai na sa aka yayyafa romon kifi a kai don ta ci. Ta kuwa ci. Da asuba muka tarar da amai wuri uku a tsakar gida, ita kuma tana tsugune gaban kwanon ruwa, kai a sunkuye, ba ta sha ba, ba ta tashi ba.

Likitan dabbobi ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta daɗe ba ta koma ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ina buhun abincin?" Na miƙa masa baƙar leda. Ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Wannan ai ba suna, ba lamba. Da me zan bincika?" Kwana huɗu Gimbiya ta yi ana yi mata ƙarin ruwa kafin ta miƙe, Allah ya sa da sauran shan ruwanta. Amma tambayar likitan ta tsaya mini a rai, domin ita ce jigon duk abin da mai kyanwa ya kamata ya sani game da gurɓataccen abinci: wanda ya jefar da buhu ya jefar da shaidarsa.

Abin da lambar take yi

Masana'anta ba ta dafa abinci sau ɗaya ta gama. Zubi-zubi take yi, kuma kowane zubi da lambarsa, wadda ke nuna wurin da aka yi shi da ranar da aka yi shi. Idan matsala ta ɓullo, da wuya a ce duk kayan kamfanin sun lalace. Abin da akan ce shi ne, zubi kaza da kaza, masu ƙarewa a rana kaza, a daina ba dabba. Saboda haka sanin sunan abincin kawai bai wadatar ba. Buhu biyu masu launi ɗaya da hoton kyanwa ɗaya suna iya zama gefe da gefe a kanta, ɗaya lafiyayye, ɗaya guba.

Abin da ya faru a Amurka da Kanada a 2007 shi ya buɗe idon duniya. Ranar 16 ga Maris na shekarar, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da fakiti miliyan 60 na abincin karnuka da kyanwoyi daga kasuwa. Abin da ya girgiza mutane shi ne, wannan kamfani ɗaya shi ke dafa wa sunaye kusan 100, masu tsada da masu araha. Wanda ya ƙara kuɗi don ya samu na ƙwarai, da wanda ya sayi na talaka, ashe daga tukunya ɗaya aka zuba musu. Tushen matsalar shi ne danƙon alkama da aka shigo da shi daga Sin, wanda ake kaurara romon abincin da shi. An cuɗa shi da melamin, sinadarin da ake ƙera farantan nan masu wuyar fashewa da muke da su a kicin. Dalilin cuɗawar ha'inci ne tsagwaronsa: gwajin furotin na yau da kullum naitirojin yake aunawa, melamin kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, don haka gari marar kirki sai ya ci jarrabawa. Tare da shi akwai wani sinadarin ɗan'uwansa, sayanurik asid. Kowannensu shi kaɗai ba ya yin mummunar ɓarna, amma idan suka haɗu a ƙoda sai su dunƙule su zama 'yan tsakuwoyi, su toshe hanyoyin tace fitsari. Kyanwoyi sun fi karnuka jin jiki. Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, irin wannan ha'incin ya shiga madarar jarirai a Sin.

Ga abin da nake so a lura da shi a wannan labari. Kayan da aka fara janyewa an yi su ne tun daga 3 ga Disamba 2006 zuwa 6 ga Maris 2007. Wato fiye da wata uku ana zuba wa dabbobi wannan abinci kafin sanarwa ta fito, kuma bayan ta fito aka yi ta faɗaɗa ta mako bayan mako, har aka samu melamin a kayan abincin dabbobi a Afirka ta Kudu. Sanarwa kullum a makare take zuwa, domin sai dabbobi sun faɗi sannan ake ganewa. Idon mai kyanwa shi ne ke riga hukuma.

To, ranar da ka sayo abinci, kafin ka farke shi, ɗauki waya ka yi hoto uku: gaban buhun mai suna da nauyi, layukan nan baƙaƙe na farashi tare da lambobin da ke ƙarƙashinsu, sai wurin da injin ya buga lambar zubi da ranar ƙarewa. A buhu yawanci tana baya can ƙasa ko a gefen ɗinki. A gwangwani tana gindi. Za ka gan ta kusa da kalmar Lot ko Batch, ko harafin L kawai. Ka kula da kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/08 a kayansu 8 ga Maris ne, a kayan Turai kuwa 3 ga Agusta ne. Ka ajiye rasit. Ka rubuta ranar da ka buɗe buhun a jikinsa da biro. Duka wannan bai kai minti biyu ba.

Saye da ajiya a ƙasar zafi

Mafi yawan abincin kyanwa da ake samu a shagunan Kano da Abuja da Yamai daga waje yake zuwa, ya sha jirgin ruwa, ya sha kwantena, ya sha sito. Ko da ya baro masana'anta lafiya, hanya tana iya ɓata shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana ba da shawarar a ajiye busasshen abincin dabba a wuri marar laima, da zafin da bai kai digiri 27 ba. Duk wanda ya san bazararmu, lokacin da ake haura 40, ya san wannan sai an yi da gangan. Zafi yana sa maiƙon da aka fesa wa ƙwayoyin abincin ya yi ɗoyi, laima kuma tana kiran funfuna.

Funfuna ba baƙuwarmu ba ce. Duk manomin gyaɗa da masara ya san ta, kuma gubar da wani nau'inta ke fitarwa, afulatoksin, ita ce ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 bayan sun ci tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A lokacin ne ma aka gano ta. Hanta take kamawa. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana iya kasancewa a abincin da ido bai ga komai a jikinsa ba. A ƙarshen Disamba 2020 kamfanin Midwestern Pet Foods ya janye wasu zubi na Sportmix saboda ita, har da na kyanwa; cikin Janairu 2021 aka faɗaɗa zuwa duk kayan da ke da masara daga masana'antarsa ta Oklahoma. FDA ta samu rahoton mutuwar dabbobi fiye da 110, galibi karnuka, kuma kayan sun isa ƙasashe 35. Abin da ke sa dabbar gida ta fi mu shiga haɗari shi ne, abu ɗaya take ci safe da yamma daga buhu ɗaya, gubar na taruwa a jikinta kullum.

Saboda haka, abincin awo a leda, a hakura da shi. Na san araha tana da daɗi, na kuma san yadda aljihu yake, amma gara ƙaramin ƙunshi rufaffe da babban awo marar asali. Ka sayi abin da kyanwarka za ta cinye cikin wata ɗaya zuwa mako shida. Ka shafa buhun a shago, ka tabbata ba huji, ba tabon mai, ba alamar ɓera ko jiƙa. Gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, ka mayar da shi kanta. Idan za ka sa abinci a bokiti mai murfi, to ka saka buhun gaba ɗayansa a ciki, kada ka juye. Juyewa tana raba ka da lambar, sannan tsohon maiƙo yana maƙalewa a jikin robar ya ɓata sabon zubi. A ɗora bokitin a kan katako, nesa da bangon da ke tsattsafo da damina. Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi a firij, a cinye cikin kwana biyu ko uku, in wuta na tsayawa. In ba ta tsayawa, a sayi ƙananan fakiti na ci ɗaya. Jiƙaƙƙen abincin da ya yi awa ɗaya ko biyu a kwano cikin zafi, a zubar.

Abin da jikin kyanwa ke faɗa

Kuskurena da Gimbiya shi ne romon kifin nan. Kyanwar da ta saba cinye abincinta, ranar da aka buɗe sabon buhu ta juya masa baya, magana take yi. Kada a yaudari hancinta. A ɗauke kwanon, a gwada ta da wani abu dabam; in ta ci wancan, to buhun ne abin zargi.

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, don haka sai an san yadda take a lafiyarta kafin a gane ta canza. Ka saba ɗaga leɓenta kana duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai ɗan haske, da damshi. In ya koma fari fat, jini ya yi ƙasa. In ya yi rawaya, ko farin ido da cikin kunne suka yi rawaya kamar mai shawara, hanta ce. Ga misalin ƙarancin jini: a Birtaniya, cikin Yuni 2021, an janye busasshen abincin da kamfanin Fold Hill Foods ke yi wa Applaws da AVA da Sainsbury's, bayan likitoci sun yi ta ganin kyanwoyi da ɓargonsu ya daina ƙera ƙwayoyin jini. Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta ƙirga sama da 500, fiye da rabinsu suka mutu. An samu gubar funfuna mai suna T-2 da HT-2 a wasu samfura, ko da yake hukumar abinci ta ƙasar, FSA, ta ce ba a tabbatar abincin ne sanadi ba. Alamun da masu su suka fara gani ba su taka kara sun karya ba: kasala, ƙin cin abinci, sai daga baya jini a baki, kashi baƙi ƙirin, jini a fitsari.

Ƙoda kuwa a kwanon ruwa da kaskon yashi ake karanta ta. Kyanwa mai kilo 4 tana bukatar ruwa kamar mililita 200 a yini, har da wanda ke cikin abincinta, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba. In ka ga tana ta komawa ruwa, yashin bayan gidanta na jiƙewa fiye da kima, ko kuma fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, ga amai, ga warin baki, kada a kwana. Akwai kuma gurɓatar da ba ta guba ba ce, ta rashi ce: abincin da bitamin B1 ya yi ƙaranci a ciki, kamar wanda ya sa aka janye wasu gwangwanayen 9Lives a farkon 2017. Ita wannan takan sa kyanwa tangaɗi, wuya ya lanƙwashe haɓa ta nufi ƙirji, ƙwayar ido ta buɗe, har farfaɗiya. In an kai da wuri, allura tana dawo da ita.

Abu guda nake roƙo da babbar murya: kada a ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka nan ɗura manja ko madara ko ruwan gishiri da sunan karya guba. Ba ya karya komai, sau da yawa ma huhu yake shiga. Kuma kyanwar da ta yi yini guda cur ba ta ci ba, a kira likita. Ba irin kare ba ce da zai jure yunwa. Kwana biyu ko uku ba ci, musamman ga mai ƙiba, kitse yana taruwa a hanta ya zama wata cutar dabam.

Ranar da sanarwa ta fito

Da farko a tabbatar da ita. Labarin janye kaya yana yawo a waya ba kwanan wata, wani ya shekara goma. A duba shafin kamfanin da kansa, da na hukumar ƙasar da aka yi abincin: FDA ga kayan Amurka, FSA ga na Birtaniya, RappelConso ga na Faransa, wanda ya fi shafar 'yan'uwanmu na Nijar. A Nijeriya, NAFDAC tana da sashen da ke kula da magunguna da kayan dabbobi, kuma tana fitar da gargaɗi. Sai ka ɗauko hotunanka ka gwada abu huɗu: suna, nauyin ƙunshi, lambar zubi, ranar ƙarewa. In ka ga an rubuta cewa kamfani ne ya janye don raɗin kansa, kada wannan ya kwantar maka da hankali. Kusan duk janyewa haka ake kiranta, har da ta 2007. In lambarka ba ta ciki amma masana'antar ɗaya ce, ni shawarata a dakata da buhun na mako biyu ana bibiya, tunda mun ga yadda jerin ke tsawaita.

In lambarka tana ciki, a tsaya nan take. A ka'ida, sauya wa kyanwa abinci a hankali ake yi cikin mako guda, ana gauraya tsoho da sabo, amma ban da wannan rana; gudawar kwana biyu ta fi ciwon ƙoda sauƙi. Ka ɗebi kamar cikin kofi biyu na abincin, ka ɗaure a leda biyu, ka rubuta suna da lamba da kwanan wata, ka sa a firiza nesa da abincin mutane. Ka ajiye buhun. Ragowar kuma, in shago ba zai karɓa ya mayar da kuɗi ba, kada a watsa a bola inda akuya da kaji da magen maƙwabta ke kiwo, kada kuma a bayar sadaka. A ɗaure shi tam a binne da zurfi. Kwanoni da ludayin awo da bokiti a wanke da sabulu da ruwan zafi, sannan a jiƙa su a ruwa lita 4 da aka sa wa cokali ɗaya babba na sinadarin wanke farin kaya irin su Hypo ko Jik, a ɗauraye sosai, a shanya. A wanke hannu, a kuma hana yara taɓawa, domin ƙwayar salmonela daga abincin dabba tana kama mutum. A 2012 mutane da dama sun kwanta a Amurka ta hanyar busasshen abincin kare.

Ko da kyanwar tana wasanta, in ta ci daga zubin da aka janye saboda guba, a kai ta gwajin jini da fitsari. Ƙoda takan yi asarar kusan kashi biyu cikin uku na aikinta kafin alama ta fito fili. Ka tafi da buhun, da samfurin, da bayanin ranar da ta fara ci da ranar da ka ga canji. In garinku ba asibitin da ke gwaji, asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna nan, likitanka zai iya tura ka ko ya tura samfur. Bayan haka ka kai rahoto ga mai shago, da kamfanin, da hukuma, ko da kyanwarka ta warke. Janyewar da ta ceci dabbar wani, daga rahoton mutum ɗaya-ɗaya irinka ta taru.

Me za ta ci kafin a samu sabo? Dafaffiyar kaza marar ƙashi, ko dafaffen kifi da aka tsince ƙayarsa, ko dafaffen ƙwai, ba gishiri, ba magi, ba yaji. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe, don haka miyar gida da romon farfesu ba nata ba ne. Wannan abinci na 'yan kwanaki ne kawai, domin tsokar nama zalla ba ta da sinadarin ƙashi da ya isa. Abincin kare ma ba mafita ba ne: kyanwa tana bukatar sinadarin taurin a cimarta, wanda ba lallai ne abincin kare ya wadata da shi ba, kuma tun 1987 aka tabbatar a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis cewa rashinsa yana kumbura mata zuciya.

Akwai tarkon da masu kyanwa da yawa ke faɗawa bayan sun tsorata da abincin kamfani, wato su koma ɗanyen nama, suna ganin shi ne na asali. Na fahimci tunanin, amma ban yarda da shi ba. A 2023 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta kashe kyanwoyi a Folan da Koriya ta Kudu, inda aka samu ƙwayar a abincin ɗanyen naman agwagwa a Seoul. A 2024 kyanwoyin gonakin shanu a Texas sun mutu bayan shan ɗanyar madara, kuma a Disambar shekarar aka janye ɗanyen abincin talo-talo na Northwest Naturals bayan mutuwar wata kyanwa a Oregon. Daskarewa ba ta kashe wannan ƙwaya, wuta ce ke kashe ta, idan zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a Jaji ta jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a kajin Afirka, cikin Fabrairu 2006, kuma har yau takan dawo gonakinmu. Kazar da ta mutu da kanta, da kayan cikin da ake kwasowa a wurin 'yan fige, kada a jefa wa kyanwa ɗanye.

Idan za a sayi sabon abinci, a karanta bayan buhu a ga wace masana'anta ce ta yi shi kuma a wace ƙasa, don kada a sauya suna a koma tukunya ɗaya. Mu a gidanmu yanzu iri biyu muke ajiyewa daga kamfanoni biyu dabam, busasshe da na fakiti, yadda in ɗaya ya samu matsala Gimbiya ta riga ta saba da ɗayan. Sabon buhu kuma ba a buɗe shi daren tafiya ko ranar da kowa zai fita. Ana buɗe shi ne ranar da akwai mai zama a gida, a zuba kaɗan, a tsaya a ga yadda ta tunkari kwanon, sannan a duba kaskon yashi da safe har kwana uku. Hoton lambar yana wayata da wayar uwargida, buhun da ya ƙare kuma ana naɗe shi a ajiye a saman kabad har wata biyu kafin a zubar.